Rigar da Na Ɗinka Ta Raba Ni da Mahaifina

Kawu Maiwada,

Don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ni malamin firamare ne a Kademi, ƙasar Gaya. Na sami shiga jami'a a Zariya, zan karanci wasan kwaikwayo, ɓangaren tsara sutura da shirya dandali, kuma bayan ƙaramar Sallah za a koma. Akwatina a ɗaure yake, amma mahaifina ya daina amsa gaisuwata.

Baba maɗinkin manyan riguna ne, ɗinkin hannu, a gabansa na koyi riƙe allura. Wanda ya fi ba shi aiki wani attajiri ne mai sayen gyaɗa, bari in kira shi Alhaji Badaru. Bara, ranar taron iyayen yara, ɗalibaina suka yi wasa a kan wani mai awon gyaɗa da ke tauye ma'auni. Ni na ɗinka kayan. Na yi wa mai awon shuɗiyar riga da aikin jan zare a wuya, don ita hannuna ya saba da ita, irinta nake taya Baba tun ina yaro. Wallahi Kawu, ban tuna cewa duk yankinmu mutum ɗaya ke sa irinta ba. Yaron da ya sa rigar na fitowa wuri ya ɗauki dariya, kowa na waiwayen Alhaji da ke zaune a sahun gaba. Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya fita.

A wurin ne wani jami'in ilmi ya yaba aikin, ya ce in nemi jami'a. Shi kuwa Alhaji bai sake aiko da yadi ba, abokansa ma suka janye. Yanzu Baba sai ya je kasuwar Ajingi ya zauna a rumfa yana yi wa mutane faci, ga ido ya fara rauni.

Da na kai masa labarin jami'a ko kai bai ɗago ba. Cewa ya yi, "Na koya maka allura don ka rufa wa mutane asiri, kai kuma za ka je neman digirin tona shi. Je ka, amma ba da bakina ba."

Innata kullum kuka. Ƙanwata Baiwa ta ce in tafi kawai, zai huce. Ina son aikin nan, Kawu, ko mutum na hango a hanya rigarsa nake fara kallo, in ce wannan ga halinsa. In na tafi, na tafi ba albarka. In na zauna, ina tsoron in riƙe mahaifina a zuciya har ƙarshen raina. Yaya zan yi?

Naka,
Ɗan Maɗinki, Kademi

Ɗan Maɗinki,

Na karanta takardarka. Ka ba ni labarin shekara guda, amma ban ga inda ka ce ka taka ƙafa zuwa gidan Alhaji ba. Ka ce ba da gangan ka yi ba, na yarda. To amma wanda ya taka ƙafar wani a kasuwa ba ya jira a tambaye shi niyyarsa kafin ya ce yi haƙuri.

Mahaifinka ba jami'a yake ƙi ba. Mutum ne da aka kunyata da aikin hannunsa, kuma ɗansa bai ɗinke ɓarakar ba, sai ga shi da akwati. Kai ma kana da gaskiyarka. Karatun nan ba abin kunya ba ne, kuma wanda rigar da ya ɗinka ta motsa gari guda bai kamata ya binne baiwarsa ba.

Kada ka bi shawarar Baiwa. Nemi liman ko wani dattijo da Alhaji ke jin nauyinsa, ya raka ka, ka durƙusa ka nemi gafara, ka faɗa da bakinka cewa mahaifinka bai san komai ba. Ko ya dawo da aiki ko bai dawo ba, ka wanke tsoho. Daga nan, ranar kasuwa ka bi Baba Ajingi, ka zauna kusa da shi ka taya shi facin, kada ka ta da zancen Zariya. Bari dattijon da ya raka ka ya tayar masa da shi.

In har lokaci ya ƙure bai sauko ba, rubuta wa jami'a ka roƙi a ɗaga maka zuwa baɗi. Mai yiwuwa su yarda. In ba su yarda ba, ka sake nema, ƙuruciya na gabanka, shi kuwa tsufa ya zo masa.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya sa da bakinsa zai sallame ka.

Kawu Maiwada