Ƙafar Ƙasimu Ta Warke, Saura Bakinka

Goronyo,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Siddiƙu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Nuriyya da yara, ya tsare ku a bakin nemanku can Fatakwal, ya kuma dawo mana da ku lafiya. Mu nan sai godiya. Inna ta samu sauƙin ciwon bayanta, har ta koma faɗa da awaki tun da sassafe, ka ga kuwa lafiya ta samu. Baba ya je Wurno gaishe da dangi ya dawo. Albasa ta yi kyau bana, kuma Bashir direban motar albasa ne zai miƙa maka wannan. Na zaɓi rubutu ne don na san halinka a waya: da an taɓo maganar da ba ka so, sai ka ce layi ba kyau.

Maganar Ƙasimu ce, ɗan Goggo Aziza, taubashinmu. Kwanan nan ina yawan tuna lokacin da yake tsaron raga. Ni da ban san komai a ƙwallo ba, har leƙe nake ta katangar makaranta in gan shi, dogo siriri, da safar hannunsa ta gwanjo wadda Goggo ta ɗinke ta fi sau goma. Mutanen Giyawa da Taloka a kan babura suke zuwa, ba don kowa ba sai don shi. Ranar da ya tare fenareti biyu a Rabah, a kafaɗa aka shigo da shi gari. Amma kai ko a jikinka. Ƙwallo ɗaya tak aka zura masa a wasan, ka yi wata guda kana kiransa Kwando. Shi kuma yana ce maka Garma, wai ka fi nome fili a kan dukan ƙwallo. In kuka haɗu a tsakar gida ba mai iya cin abinci don dariya, Goggo tana korarku da muciya tana share hawaye.

Sauran ka fi ni sani. Wasanku da Wurno, saura kwana tara ya tafi gwaji a wata babbar ƙungiya a Sakkwato. Ƙwallo ta taso sama, ya yi ihu tasa ce, kai kana tsaron baya ba ka ji ba, kuka yi tsalle tare, ka sauko da nauyinka duka a kan gwiwarsa. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu, ya yi wata huɗu a kwance, ya tashi da ɗingishi. Bai ƙara tsayawa a raga ba. Yau shekara goma sha ɗaya, kuma tun daga ranar ban ƙara jin ka tsokane shi ba ko sau ɗaya. Na san nauyin da kake ɗauke da shi, ƙanena, kuma wallahi ina tausaya maka. Sai dai kana ganin ladabi kake yi masa, alhali cutar da shi kake.

Ranar Juma'a ya zo gidana bayan kun yi waya. Na ba shi tuwo ya cinye, bai ce da tuwon nawa za a iya ginin katanga ba, nan na san ba lafiya. Da na matsa masa, sai ya ce shi bai san mi ya yi maka ba da ka mai da shi suruki. Wai Malam Ƙasimu kake ce masa, ka tambaye shi ƙafa sau uku, ka yi masa addu'ar sauƙi, ka kashe waya. Ya ce ƙwallo ya daɗe da haƙura da ita, gwiwar ma sai da sanyi take tuna masa, amma duk ranar da ka tambaye shi ƙafa ji yake an sake kwantar da shi a filin nan mutane na kallo. Ya ce kowa a Goronyo yana iya tausaya masa, ban da taubashi, don taubashi shi kaɗai ne ke nuna wa mutum har yanzu shi mutum ne ƙalau. Bai san ranar da ya rasa raga zai rasa ka ba. Na yi kuka, Siddiƙu, ba zan ɓoye maka ba.

To, ga abin tsiya na ba ka kyauta. Ƙasimunka ya ajiye tumbi. Ranar kasuwar da ta wuce jakin wani mutumin Giyawa ya tsinke igiya ya nufo rumfar Ƙasimu, aka yi ta ihu a tare. Gogan ya ware hannuwa kamar da, ya yi sufa dama, jaki ya bi hagu, shi kuwa ya faɗa tulin albasa. Kasuwa duka ta kwashe da dariya, shi ya fi kowa. Ka kira shi. Kada ka ce Malam, kada ka tambayi ƙafa. Ka tambaye shi jakin, kuma kada ka raga masa ko kaɗan.

Inna da Baba suna sa maka albarka. Goggo Aziza tana gaishe ka, haka Safara'u matar Ƙasimu, da maigidana Abdulƙadiri. Ka gaishe mini da Nuriyya, ka shafa kan Hanif da Mashkura. Ƙasimu kuwa na tambaye shi ko in sa gaisuwarsa, ya ce a'a, shekara goma sha ɗaya kuna gaisawa, ta ishe shi haka. In gaya maka dai wayarsa a kunne take.

Taka har kullum,
Yayarka Uwaliya.