Fartanya a Ƙofar Ɗakina

Daren Talata, tsakiyar damina

Barci ya ƙi zuwa. Yau ma debugger ɗin, wato abin farauto kuskure a cikin manhaja, ya yi ta mutuwa a hannuna. Shi ya kamata ya nuna min inda manhajar asibitin nan da nake rubutawa take tuntuɓe, amma shi ke fara faɗuwa. Manhajar ta yi wa kwamfutata girma, na sani. Tun da mai ya yi tsada na daina zuwa ofis a Kano, caji ma sai na kai shagon Sani a bakin kasuwa.

Bayan La'asar na lura ba ya mutuwa sai na buɗe jerin marasa lafiya. So yake ya kwaso su duka lokaci guda, sai ya shaƙe. Na rufe jerin, na sake tayar da shi, ya wuce layin umarnin da ya saba mutuwa a kansa. Ina cikin murna batir ya ƙare. Yanzu ban sani ba, na gano matsalar ne ko sa'a ce kawai. Ogana kuma ya ce in gama zuwa Juma'a, ko a ba wani aikin.

Da Magariba na yi wa Baba bayani. Ya ce, "Wato mai neman cutar ma ba shi da lafiya, Auwalu? To, ciyawa ta kusa cinye geronmu, ita ba sai an nemo ta ba."

Da na fito alwalar Isha'i, na tarar ya jingina min fartanya a ƙofar ɗaki. Har yanzu tana nan, ina hango ta daga kan tabarma.