Takardar da Za a Kori Christiana a Kanta, Ni Na Rubuta Ta

Hajiya Yagana, a taimaka mini da shawara kafin Litinin. Na shiga tsaka mai wuya, kuma ba maganar da zan kai wa abokan aikina ba ce.

Ni farfesa ne a wata jami'a a nan Bauchi, shekara ashirin da bakwai ina koyar da tarihin siyasa. Amma kafin farfesanci ni Kwamared ne. A zamanin mulkin soja na jagoranci ƙungiyar ɗalibai, na sha barkonon tsohuwa, na yi kwana uku a hannun 'yan sanda. Ban taɓa nadama ba. Har gobe ina nan a kan cewa talaka ba ya samun haƙƙinsa da lallami. Haushina da yaran yanzu ɗaya ne: suna ihun aluta, wai gwagwarmaya, alhali ko shafi goma na littafin gurguzu ba su karanta ba.

To, watan jiya ɗalibai suka yi zanga-zanga saboda famfunan ɗakunan kwanansu sun yi sati biyar a ƙafe. Suka tare titin Yelwa, masu keken haya suka wuni ba aiki, aka fasa gilashin motar makaranta. Aka kafa kwamitin ladabtarwa, aka ba ni shugabanci, wai ni na san kan tsiyarsu.

Jagorarsu Christiana Habila ce, 'yar ajin ƙarshe, mahaifinta kafinta ne a Fadaman Mada. Babu wanda ya ga ta ɗauki dutse. Hujjar korar ta wata takarda ce mai zafi da ta raba, wadda 'yan kwamiti suka ce ta fi ƙarfin ɗalibi, lalle 'yan siyasar waje ne suka ba ta. Hajiya, da aka miƙo mini, layin farko ya ishe ni. Ni na rubuta ta ina shekara ashirin da uku, ni kuma na raba wa ajinsu bara su yi nazari. Ta goge "soja" ta sa "hukumar makaranta", shi ke nan. Sau uku ana tambayar ta wa ya ba ta, tana kallona tana cewa ita ta rubuta. Wallahi na ji kunya.

Litinin zan sa hannu. In na yi magana a ce ni na zuga su, ga ritayata saura shekara biyu. In na yi shiru ta koma gida ba digiri.

Tsohon Kwamared, Yelwa

AMSA

Ranka ya daɗe Farfesa, tsoronka ba na banza ba ne, mai iyali ba ya wasa da ƙarshen aikinsa. Kwamitin ma yana da tasa gaskiyar: an yi ɓarna, an hana masu keke neman abinci. Ita ma Christiana ba ta fita fes ba, kai malami ne, ka san sunan kwafe rubutun wani. Amma ka ce yaran yanzu ba sa karatu. To ga wadda ta karanta ka har ta haddace.

A ganina ka san amsar, rakiya kawai kake nema. Koyar da tsohuwar takarda a aji ba zuga ba ce, aikinka ne, kuma aji guda shaida ne. Wannan shaidar kuwa wuƙa ce mai baki biyu: ko ba jima ko ba daɗe wani cikinsu zai yi magana, a gano ka zauna alƙali a shari'ar da kai ne babban shaida. Wannan ne zai cinye ritayar taka.

Kada ka jira Litinin. Gobe ka rubuta wa shugaban jami'a, ka haɗa da asalin takardar da jadawalin darasinka, ka sauka daga kujerar, ka nemi a saurare ka. Ka sanar da ƙungiyar malamai tun da wuri. Wanda ya fasa gilashi a hukunta shi, famfo kuma a gyara.

Yarinyar nan da digirinta take rufa maka asiri, alhali shi kaɗai ta mallaka. Kada ka yarda ka karɓa, Farfesa. Allah ya ƙarfafa zuciyarka, ya sa ka sauka da mutuncinka, ita kuma ta fita da sakamakonta.