Rasuwar Likitan Tsawo da Bokitan Fenti Huɗu

Jama'a, kafin mu yi kuka, ga tambaya: wane ne ba shi ne ruwa ba, ba shi ne famfo ba, amma in ya iso sai ya zunguri mai buɗewa, ya riƙe hannun mai rufewa, ruwa ya yi ta zuba? Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Kakanni Masu Raka Jikoki Awon Tsawo ta samu labarin rasuwar babanmu, malaminmu, babban likitan yara masu jinkirin girma, Shehin Malami, wanda mu da jikokinmu muka sani da Likitan Tsawo, ranar Talata da hantsi, yana kan kujerarsa, fensir a maƙale a bayan kunne.

Shekara ashirin da biyu marigayi ya yi yana binciken wani ƙullutu da bai wuce ƙwayar wake ba, wanda ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana sakin sinadarin da ke sa yaro ya miƙe. Mu da karatunmu bai yi nisa ba, da famfon tsakar gida ya fahimtar da mu: ƙullutun ne famfo, sinadarin girma ne ruwa, a saman famfon kuma ƙwaƙwalwa ta ajiye ma'aikata biyu, ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa. Tambayar da ke sama tasa ce, duk sabuwar kakar da ta zo sai ya jefa mata ita. Ni da na amsa da "mai gyaran famfo", sai da ya yi dariya har gilashinsa ya faɗi.

Aibinsa ɗaya, Allah Ya yafe masa: bai yarda da takarda ba. A bangon ɗakin awo na asibiti yake tsayar da yaro, ya cire masa takalmi, ya ɗora littafi a ka, ya ja layi da fensir, ya rubuta rana da laƙabi. Yara tamanin da uku ne a bangon nan. Cikinsu har da jikata 'Yar Tsana, mai shekara goma sha ɗaya da bakin 'yar arba'in, wadda za a auna wata mai zuwa a gwada da layinta na baya, a san ko allurar girman da ake yi mata tana aiki ko a dakatar. In layin ya ɓace, da me za a gwada?

Wannan ne ya kawo mu kan abin da ba ma son faɗa a takardar ta'aziyya, amma za mu faɗa. Washegarin jana'iza mai shara ta ga an shigo da bokitan fenti huɗu da buroshi, an jera su bayan ƙofar ɗakin awo. Mai girma Mataimakin marigayi, wanda ya fi kowa ɗaga murya wurin kuka, kodayake kakannin da ke kusa da shi sun ce hankicinsa a bushe ya koma aljihu, ya shaida mana cewa fentin na baranda ne, awon yara kuma duk yana cikin kwamfuta. Mun ce a nuna mana, aka ce babu wuta. Da wuta ta dawo, aka ce lambar buɗewa marigayi ya tafi da ita. Barandar kuwa bara aka shafe ta, har yanzu tana ɗaukar ido. Ba mu zargi kowa ba. Mun dai lura an riga an auna tagar ɗakin don sabon labule.

Saboda haka ƙungiya ke sanar da jama'a cewa mabuɗi na biyu na ɗakin awo, wanda marigayi ya ba mu don mu riƙa zama daga ciki maimakon rana, yana ɗaure a bakin zanena, kuma kakanni biyu za su riƙa zama a gaban bangon kullum da carbinsu. Mataimaki ya nemi mabuɗin, muka ce ya fara amsa tambayar maigidansa. Sau uku yana cewa zai duba.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidan marigayi, Hajiya babarmu, da 'ya'yansa da ɗalibansa na gaskiya. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba ku haƙurin rashi. Muna kuma roƙon babbar 'yarsa, malamar lissafi, ta zo da littafi da ma'auni ta kwafe bangon nan layi-layi. Ranar da ta gama, mu da kanmu za mu riƙe wa mai fenti tsani.

Sa hannu:
Kakar 'Yar Tsana,
Kakakin Ƙungiya kuma Mai Riƙon Mabuɗi.

Amsar tambaya, kyauta ga Mataimaki: sunansa galanin a bakin likitoci. Ɗan saƙo ne da ƙwaƙwalwa ke yi, yana ƙara wa mai buɗewa ƙarfi, yana rage na mai rufewa, sai ƙullutun ya saki sinadarin girma.