Akwatin da Ake Rainawa

Alƙahira, 9 ga Rajab

Yaya Khairiyya,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Inna? Ya su Baraka da makaranta? In kun leƙa Roni ki gaishe min da Gwaggo.

Mu lafiya lau, kada Inna ta damu. Sai dai tun ranar da maƙwabciyata 'yar Maraɗi ta koma gida, ban ƙara jin Hausa a bakin mace ba. Littattafan da na zo da su na karanta su sau uku-uku, wani ma bangonsa ya cire.

Maigidan ya yi alƙawarin sayo min ɗan akwatin nan da ake jona wa talabijin a kalli finafinai ta intanet. Yau wata biyu yana kwatantawa. Wannan ya fi sauri, wancan ya fi hoto mai kyau, na ukun shi kowa ke saye. Na ce, "Don Allah, masu sayen nan Hausa suke ji?" Dariya kawai ya yi. Da a littafi ne, da tuni miji ya gane.

Na je shagon da ake sayar da su da kaina. Wanda aka fi sayen ba shi da wurin saka filashi. Mai arhar da ake rainawa yana da shi.

Ki taimaka ki je wurin Sama'ilu mai tura finafinai a bakin kasuwar Kazaure ya cika min filashi da finafinan Hausa, ki ba Hajiya Dela da za ta zo ganin likita. Allah ya bar zumunci.

Na gaya wa maigidan, gobe mai arhar zan saya.

Ƙanwarki,
Sadiqa