Mijina ya kasa daina zana fuskar ɗiyarmu

Assalamu alaikum jama'ar wanga gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin tunanina.

Ni matar aure ce a Bodinga, mijina mai zane ne, asalinshi mutumin Dandin Mahe. Shi ke rubuta allon shaguna, ya yi wa motocin ɗaukar albasa ado, ya zana taswira da sassan jiki a bangon makarantu. Da wanga aiki muke ci muke sha, ba mu taɓa roƙon kowa ba.

Damanar bara Allah Ya karɓi ɗiyarmu Ummi, ita kaɗai gare mu, ko firamare ba ta shiga ba. Zazzaɓi ne, kafin a isa asibiti ta fara sanƙarewa. Hotunanta duk suna cikin wayarshi, wayar kuwa ruwa ya shige ta ranar da ya ɗauke ta bisa mashin ana tsuga ruwan sama. Har Sakkwato an kai wa masu gyara, sunka ce ba ta tashi. Da anka watse zaman makoki sai ya ɗauko katako da fenti ya zana Ummi da ka. Ranar da ya nuna min sai da na zauna ƙasa. Ita ce sak, har da tabon goshinta na faɗowa daga kan turmi.

Na ɗauka shi ke nan, ashe farawa ya yi. Yanzu ɗakin kayan aikinshi ya cika da Ummi, tana dariya, tana barci, tana shan rake. Na baya-bayan nan kuwa ba na iya kallonsu, idanu sun zurma, baki ya bushe, kamar yadda take ranar ƙarshe. Ya daina karɓar aiki, masu shaguna sun gaji da jira sun koma wurin masu buga allon talla da inji. Ya rame, ga tari, gida duk warin fenti da kananzir. Na ce mishi ya bar yarinya ta kwanta, ya ce ni na samu na yi kuka na huta, shi kukan ya ƙi zuwa. Munka daɗe ba mu magana sai gaisuwa.

Baba, mahaifinshi, ya zo daga ƙauye, ya leƙa ɗakin, ya fito ko zama bai yi ba. Ya ce wanga ba tawakkali ba ne, gida mai hotuna haka mala'ikun rahama ba su shigarshi, a ƙone su duka, in ba haka ba ƙafarshi ba ta sake taka gidanmu.

Ana cikin haka wani abokin mijina, malamin makaranta, ya ɗauki zanen a waya ya sa a intanet ba da saninmu ba. Wani mai baje kolin zane a Abuja ya gani, ya zo har gida. Ya daɗe tsaye gaban masu zurmammun idanun nan, ya ce su sunka fi kyau, irinsu masu saye ke so. Yana son ya kwashe duka har da na farko, kuma mijina ya ci gaba da zana irinsu, shi zai riƙa saye. Wato ciwon da nake roƙon Allah Ya raba shi da shi, shi zai zama sana'armu.

Da baƙon ya tafi mijina ya same ni ina tankaɗe, ya ce, "Maman Ummi, ke kika haife ta. A ƙone ko a sayar, abin da kika ce shi za a yi. Amma ban sani ba ko hannuna zai sake iya zana wani abu."

Hatsinmu ya kusa ƙarewa, kuma ina da ƙaramin ciki, ban ma gaya mishi ba. Ba na son ɗiyata rataye a falon wanda bai san sunanta ba. Ba na son mijina ya rasa albarkar mahaifinshi. Amma ni na fara manta muryarta, in na rufe ido fuskar da ke zo min ta jikin katakon farko ce, in wuta ta ci shi ban san abin da zai rage min ba.

Iyayena, malamai, da duk wadda ta taɓa binne ɗa, mi zan ce mishi? Jira yake, tun ranar bai taɓa burushi ba, zaune kawai yake a ƙofar ɗakin.