Irin da Sale ya kawo mini

Daren Talata, Madarumfa

Har yanzu raina tafasa yake. Wata biyu ina ban ruwa ga irin da Sale, ƙanen matata, ya kawo mini daga ƙetaren iyaka, wai sabuwar rama ce. Ganyen kamar na rama, amma warinsa bai kwanta mini ba.

Da safe na kira Malam Idi, dattijon da garkarsa ke jikin tawa a bakin tabki. Ya murza ganye ɗaya, ya sansana, ya dube ni.

"Wiwi ce. In jandarma suka gani, a kaso za ka kwana."

Na tuge ta duka, na banka mata wuta. Da la'asar Sale ya zo ya tarar da toka. Bai ko tambayi dalili ba, sai cewa ya yi, "Haba Yaya, da ka jira ni."

Ashe ya sani, munafuki! Garkar da nake ciyar da 'ya'yan yayarsa da ita ya zaɓa.

Na ce kada ya sake taka gidana. Matata Hadiza tana ta kuka, wai ɗan'uwanta ne. Ta yi ta yi, ban janye ba.